Yadda Ake Ƙiyasta Yawan Namun Daji a Fili

Namun daji ba sa tsayawa a ƙirga su, ƙiyasi ake yi. Wannan hanyar ta fi dacewa da ƙanana, irin su zomo.

Da farko, auna girman filin.

Sai ka ɗana tarkon da ba ya raunata dabba. Duk wadda ta shiga, sa mata alama a kunne, ka sake ta.

Bayan 'yan kwanaki, maimaita kamun. Kada ka daɗe, don haihuwa da mutuwa da ƙaura suna ɓata lissafi. Sauya wa tarkon wuri ma, wadda ta taɓa shiga takan yi wayo.

Yanzu ninka kamun farko da na biyu, ka raba da masu alamar da suka sake shiga: misali, in ka kama 40 da farko, 30 a karo na biyu, 10 daga cikinsu masu alama, to 40 sau 30, a raba da 10, dabbobi 120 ke nan a filin. Idan filin hekta 60 ne, kowace hekta tana da 2.