Yadda Za a Tabbatar da Ingancin Kwas Kafin a Biya Kuɗin Rajista

Tun da sakamakon bak (jarrabawar kammala sakandare) ya fito, iyaye da ɗalibai a nan Yamai ke ta tambayata yadda za su gane makarantar gaba da sakandare mai zaman kanta wadda hukuma ta amince da ita. Ga matakan:

1. Rubuta cikakken sunan makarantar da na kwas ɗin da kake so, lisans (digiri na farko) ne ko mastar (digiri na biyu).

2. Je ofishin makarantar da ƙafarka, ka nemi a nuna maka takardar izinin buɗewa daga ma'aikatar ilimi mai zurfi.

3. Kwafi lamba da kwanan watan da ke kanta.

4. Nemi takardar amincewa da kwas ɗin shi kansa. Hattara: a nan ne mafi yawa ke tuntuɓe, domin makaranta kan sami izini alhali wani kwas nata bai samu ba, kuma babban allon da aka kafa a bakin ƙofa ba hujja ba ne.

5. Kai lambobin ga ma'aikatar domin a tabbatar maka da su.

6. Idan makarantar ta ce CAMES, hukumar ƙasashen Afirka mai tantance digirori da ke da hedikwata a Wagadugu, ta amince da digirinta, nemi sunan kwas ɗin a shafin CAMES na intanet.

7. Duba shekarar amincewar, saboda tana da wa'adi.

8. Tabbatar lisans ɗin shekara 3 ne, kiredi (ma'aunin yawan karatu) 180.

9. Sai komai ya daidaita sannan ka biya, ka karɓi rasiɗi mai hatimi.