Yadda Ake Rage Ƙarar Babur Tun Daga Salansa

Yawancin hayaniyar da ke damun mazauna bakin titin Ahmadu Bello a Birnin Kebbi daga baburan kabu-kabu da Keke Napep take fitowa, kuma mai abin hawan ne ya fi kowa cutuwa, domin masana lafiyar kunne sun nuna cewa ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) tana lalata ji idan mutum yana shafe awa 8 a cikinta kullum. Hukumar NESREA, mai kula da dokokin muhalli a Najeriya, ma tana da dokar taƙaita hayaniya tun 2009.

Da farko a gano inda ƙarar take fita, kuma a nan ne sababbin shiga suke asarar kuɗinsu. Da zarar babur ya fara ɓaɓatu sai su garzaya su sayi sabuwar salansa, alhali sau da yawa ɓarnar tana wuyanta ne, wato inda bututun ya haɗu da kan injin, saboda gasket ɗin wurin, zoben da ke toshe mahaɗar don kada hayaƙi ya yi yoyo, ya ƙone. A tayar da babur da safe kafin ya yi zafi, a toshe bakin salansar da tsumma na ɗan lokaci, sannan a saurara: duk inda yake yoyo za a ji huci, kuma galibi za a ga baƙin hayaƙi ya yi zobe a wurin. Idan wuyan ne, a sa sabon gasket, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, a ɗaure notinan biyu bi da bi, kaɗan-kaɗan, bayan injin ya huce. Wanda ya matse ɗaya har ƙarshe kafin ya taɓa ɗayan zai karkatar da bututun, ko ya karya ƙusar a cikin injin, aikin kuwa ya koma na babban bakanike.

Idan huda ce a jikin salansar, a kwance ta gaba ɗaya kafin a kai wa mai walda, saboda tankin mai yana kusa. Wadda samari suka zare wa hanji don ta riƙa amo kuwa, ni a wurina ba ta da gyara, sai dai canji.

Sauran aikin mai sauƙi ne. A ja kaca a sa mata mai, a saita bawul idan injin yana ƙas-ƙas, a ɗaure murafun da ke karkarwa, a kuma cire hon ɗin babbar mota a mayar da na asali.