Yadda Ake Gyara Kwalbar Wiski Ta Yi Amfani a Gida

Gyaɗar da ake sayarwa cikin kwalba a tashoshin mota da bakin titi, da zumar da 'yan talla ke yawo da ita, sau da yawa a tsohuwar kwalbar wiski ake zuba su. Masu waɗannan sana'o'i sun daɗe da gane ingancinta: gilashinta yana da kauri, gindinta yana da nauyi, ba ta saurin kifewa. Mafi yawan kwalaben suna cin santilita 70 idan daga Turai suka fito, ko 75 idan na Amurka ne, kuma adadin yana rubuce a takardar jiki ko a gindi. Ana samunsu da araha wurin 'yan jari bola da masu sayar da tsofaffin kwalabe a kasuwa. Sai dai ita kwalbar an ƙera ta ne don riƙe ruwa mai sanyi wanda ba ya tashi. Ba ta jure zafi na farat ɗaya, ba ta jure matsin iska. Kusan duk ɓarnar da ake yi wajen sake amfani da ita daga mantawa da waɗannan abubuwa biyu take fitowa.

Zaɓe da wanki

Kafin ka saya, ɗaga ta a rana ka juya. Wadda ke da tsagewa ko da siririya ce, ko bakinta ya ɓantare, bar ta. Sannan ka sunsuna. In ka ji warin kananzir, fetur ko fiya-fiya, kada ta kusanci abinci ko sau nawa aka wanke ta, tunda ba ka san me ya zauna a ciki ba. Irin ƙawatattun kwalaben nan masu sheƙi da sassaƙa, masu murfin gilashi, wasunsu da dalma aka haɗa gilashin, kuma dalmar tana shiga abin da ya daɗe a ciki. Waɗannan na ado ne kawai.

Kwalabe da yawa suna da wata roba a wuya mai ƙwallo a ciki, wadda kamfani ke sawa don hana masu jabu sake cikawa. A tsoma wuyan cikin ruwan ɗumi na minti biyar, a yanke zoben ƙarfen da ke kewaye da shi, a kama robar da filaya a murɗa a hankali tana fitowa. Kada a sa wuƙa a ɓanɓare, bakin kwalbar zai tsage. A lura kuma, a irin waɗannan zaren murfin yakan kasance a jikin robar ne, don haka in ta fita murfin ba zai sake kamawa ba, sai an nemo wani abin toshewa. Wanda gyaɗa ko zuma zai zuba, gara ya zaɓi kwalbar da zaren murfinta ke jikin gilashi.

Takardar jiki a cire ta gaba ɗaya. Ban da kauce wa zargi a gida ko a kasuwa, kwalba mai takarda da murfinta ita ce abin da masu haɗa giyar jabu ke nema. A jiƙa ta cikin bokitin ruwan ɗumi da garin sabulu da ɗan bekin soda ko jiƙaƙƙiyar kanwa na awa ɗaya zuwa biyu, a cika cikinta da ruwa don ta nutse. Takardar za ta saɓule. In danƙon ya rage, a kwaɓa cokali ɗaya na man gyaɗa da cokali ɗaya na bekin soda, a shafa, a bar shi minti goma sha biyar, a goge da soson ƙarfe. Takardar da ke da leda a samanta ruwa ba ya ratsa ta: ita sai a zuba ruwan ɗumi a cikin kwalbar, danƙon ya yi laushi daga baya, a ɗago ta daga kusurwa.

Cikin kwalba hannu ba ya shiga. A zuba ruwan sabulu zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu na ɗanyar shinkafa ko yashi mai tsabta, a toshe a girgiza sosai, a ɗauraye sau uku. Gilashi ba ya tsotsar abin da aka zuba masa, shi ya sa wanki da ruwa ke kawar da wari da ɗanɗanon giyar ƙaf. Abin da ke tsotsa shi ne toshiyar itace da 'yar takardar da ke cikin murfi. Waɗannan a jefar. Don kashe ƙwayoyin cuta, a zuba babban cokali ɗaya na bilic cikin lita huɗu na ruwa, a jiƙa kwalbar minti biyar, a ɗauraye. Kada a haɗa bilic da ruwan khal ko wani sinadarin wanki, hayaƙinsa guba ne. Kada kuma a kwarara tafasasshen ruwa cikin kwalba mai sanyi. Cikinta zai buɗe kafin bayanta ya ji zafin, sai gindin ya tsage, kuma mai kauri ta fi saurin yin haka.

A kife ta wuni guda, sannan a tsayar da ita a rana. Ɗigon ruwa kaɗan da ya rage a gindi ya isa ya sa gyaɗa ta yi laushi ta yi fumfuna, ko zuma ta fara tsami.

Abin da za a zuba da wanda ba za a zuba ba

Busassun abubuwa ne suka fi dacewa: soyayyar gyaɗa, yazawa, riɗi, yaji, garin kuka, busasshiyar kuɓewa. A bari gyaɗa ta huce sarai kafin a ɗura, in ba haka ba tururinta zai jiƙa jikin kwalbar. A riƙa buga gindin a kan tsumma ana zubawa don ta zauna. Zuma tana da nauyi, kwalbar santilita 70 tana cin kusan kilo ɗaya, man gyaɗa kuwa kimanin giram 640. Manja da man shanu suna daskarewa lokacin hunturu, kuma fito da su ta siririn wuya wahala ce, sai dai a tsayar da kwalbar cikin ruwan ɗumi.

Kunun aya, zoɓo, lemon citta da duk abin da ke tashi in ya kwana, kada a rufe su gam a wannan kwalba a bar su a zafi. Kwalbar lemon kwalba an yi ta ne don ta riƙe iskar gas, ta wiski ba haka take ba, musamman mai kusurwa huɗu irin ta Johnnie Walker, wadda faffaɗan jikinta ba ya raba matsi daidai. Haka firiza: ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari in ya zama ƙanƙara, cikakkiyar kwalba fashewa za ta yi. Kananzir da maganin ƙwari kuwa kada a kuskura a zuba su a kwalba irin wadda ake sa abinci a gidan da akwai yara.

Yanka kwalba

Nan ne aikin ke son haƙuri. Daga kwalba ɗaya ana samun kofi ko mazubin biro da cokula a ƙasa, saman kuma ya zama mazurari. A tanadi abin yankan gilashi irin na masu haɗa tagogin alminiyon, safar hannu mai kauri, tabarau, butar ruwan zafi, bokitin ruwan sanyi, da samfefar da ake amfani da ita a jiƙe mai lamba 80, 150, 220 da 400.

Da kwalba mai zagaye za a fara. A kwantar da ita a kusurwar katako biyu da aka haɗa, gindinta ya tokare wani katakon, a kafe abin yankan wuri ɗaya, a juya kwalbar da kanta. Layi ɗaya tak ake so, da matsi daidai, har ƙarshensa ya haɗu da farkonsa. Maimaita layi shi ne babban kuskure: yana farfasa gefen tsagin, sai karyewar ta bi inda ta ga dama. A nisanci gindi da aƙalla santimita biyar, a kuma kauce wa wurin da aka yi rubutu mai tudu a jikin gilashin, don kaurin ba ɗaya ba ne a can.

Sai a riƙa tsiyaya ruwan zafi siriri a kan layin ana juyawa na daƙiƙa ashirin zuwa talatin, a bi da ruwan sanyi haka nan. A zagaye na biyu zuwa na huɗu za a ji ƙas, ta rabu da kanta. Kada a ɓalla da ƙarfi. In tsagewar ta gangara ƙasa, ko dai an watsa ruwan zafin a faɗi da yawa, ko layin bai haɗu ba. Wasu na ɗaura zare mai kananzir su kunna wuta sannan su tsoma a ruwa. Yana yankewa, amma bakin yakan fito a karkace, kuma a gilashi mai kauri ba kasafai ake dacewa ba. Mai kusurwa huɗu ta fi kowace wuya, domin kusurwoyin sun fi kauri. A sayi kwalabe fiye da buƙata, wasu za su lalace.

Sabon yanka yana da kaifi kamar reza. A shimfiɗa samfefa mai lamba 80 a kan tayil, a jiƙa, a kife bakin ana zagayawa har ya daidaita, sannan a bi sauran lambobin ɗaya bayan ɗaya. A naɗe guntun samfefa a goge gefen ciki da na waje. Kullum a jiƙe, saboda ƙurar gilashi tana cutar da huhu. A gwada da auduga kafin yatsa: in ta maƙale, da saura.

Fitila da shuka

Fitila mafi sauƙi ita ce a zura ƙananan ƙwayayen wuta na LED masu siririyar waya ta baki, masu batir ko masu aiki da fawa bank. Ba sa zafi, ba sai an huda komai ba. Mai son waya ta fita ta ƙasa zai buƙaci bakin huda gilashi mai lu'ulu'u na milimita 10 zuwa 12. A manna salatif a wurin, a kewaye shi da ƙullin yumɓu a zuba ruwa a ciki, a huda a hankali ba tare da dannawa ba, kuma injin hudawar kada ya kasance a yanayin dukan kankare. A sa roba a ramin don kada ya yanke wayar. Fitilar kananzir a doguwar kwalba ba ta da kyau: lagwani ba ya jan mai daga nesa sosai, sai ya riƙa ƙonewa yana hayaƙi, in kuma ta faɗi gobara ce.

Ga mai shuka a tukunya, a huda murfin da ƙusa siririya, a cusa ɗan tsumman auduga a ramin, a cika kwalbar, a kife ta cikin ƙasar da aka riga aka jiƙa, zurfin santimita biyar zuwa takwas, nesa kaɗan da saiwa. In ruwan ya ƙare cikin awa ɗaya ramin ya yi faɗi, in bai motsa ba ƙasa ta toshe shi. A naɗe farar kwalba da tsumma in a rana take, don kada gansakuka ya fito, kuma kwalba mai ruwa tana iya tattara hasken rana wuri ɗaya ta ƙona abin da ke kusa. Reshen na'a-na'a ko na dankalin Hausa yana fitar da saiwa a kwalbar ruwa a bakin taga, amma a sauya ruwan duk bayan kwana uku ko huɗu, don kada sauro ya hayayyafa a ciki.