Kurakuran da aka fi yi wajen jera ƙasashe a gasar Eurovision

Duk shekara da zarar an rufe gasar waƙa ta Eurovision, wadda galibi ƙasashen Turai ke fafatawa a cikinta, sai masu sha'awarta su ɗauko alƙalami su jera ƙasashe, su ce wannan ce gwarzuwar tarihi, waccan kuma 'yar rakiya ce. Aikin yana da daɗi, amma gasar da aka fara a Lugano ta ƙasar Suwizalan a 1956 da ƙasashe 7 ta sauya kama sau da yawa. Wanda ya auna shekarunta duka da mudu ɗaya zai zalunci wasu ƙasashe ba tare da ya sani ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙirga kofuna kaɗai. Zuwa 2025, Ailan da Suwidin kowacce ta ci sau 7, sai a ɗora su kafaɗa da kafaɗa a ce sun yi kunnen doki. To amma duba lokacin da aka ci. Huɗu daga nasarorin Ailan sun zo ne tsakanin 1992 da 1996, kuma tun daga nan ba ta sake ɗaukar kofi ba. A wancan zamanin doka ta tilasta wa kowace ƙasa yin waƙa da harshenta, abin da ya bai wa masu Turanci dama, kuma a 1999 aka janye dokar. Suwidin kuwa ta ci a 1974, ta ci a 1984 da 1991 da 1999, sannan 2012 da 2015 da 2023, ƙarƙashin dokoki iri-iri. In ana maganar daɗewa ana taka rawa, ni a ganina Suwidin tana gaba. Gyaran shi ne a rarraba tarihin kashi-kashi, shekara goma-goma, a ga ƙasar da ke bayyana a sama a kowane kashi. Kuma kada a manta da na biyu: Birtaniya ta zo ta biyu har sau 16, ƙirgar kofi ba ta ganin wannan ko kaɗan.

Sai tara maki, wanda shi ne ya fi ɓata lissafi. Mawaƙan ƙungiyar ABBA sun ci wa Suwidin da maki 24 a 1974, kafin a kawo, a 1975, tsarin da kowace ƙasa ke bai wa waƙar da ta fi so maki 12. A 2016 aka raba ƙuri'ar alƙalai da ta masu kallo, kowace ƙasa ta koma ba da maki kashi biyu, adadin ya ninka. Mu ɗauki shekaru biyu mu kalle su da kyau. A 2017 Salvador Sobral na Fotugal ya samu maki 758, a 2009 kuma Alexander Rybak na Nowe ya samu 387. Kallo ɗaya za ka ce Sobral ya yi masa fintinkau. Amma ƙasashe 42 ne suka shiga a kowacce daga shekarun biyu, kuma ƙasa ba ta zaɓar kanta. Mafi yawan abin da Rybak zai iya samu shi ne 41 sau 12, wato 492, ya samu kusan kashi 79 cikin ɗari. Na Sobral 41 sau 24 ne, wato 984, ya samu kashi 77. Ashe Rybak ne ya fi kwashe rabonsa. Saboda haka kullum a raba makin da aka samu da mafi yawan da za a iya samu a shekarar, sannan a kwatanta.

Matsayi ma haka yake. Zuwa na biyar cikin ƙasashe 10 a 1957 na nufin ka doke biyar, zuwa na biyar cikin 43 a 2018 na nufin ka doke 38. A lissafa kason abokan hamayyar da ƙasa ta bari a baya.

Akwai wani kuskure da ke ɓoyewa, ko masu lura sukan faɗa masa. Tun 2004 ana yin zagayen tankaɗe kafin daren ƙarshe. Mai lissafi sai ya ɗauko sakamakon daren ƙarshe kaɗai ya fitar da matsakaici, ƙasar da aka fitar a zagayen farko shekarar ba ta shiga lissafinta, sai munanan shekarunta su ɓace ta fito fes. A ɗaya ɓangaren, ƙasashen da suka fi zuba kuɗi, irin su Jamus da Faransa da Birtaniya, suna wucewa kai tsaye, don haka ba abin yabo ba ne a ce ba su taɓa faɗuwa a tankaɗe ba. Yukiren ce ta cancanci wannan yabo: ta fara shiga a 2003, zuwa 2025 ba a taɓa fitar da ita a zagayen tankaɗe ba, ga kofuna uku a 2004 da 2016 da 2022. Dole ƙasar da aka fitar a ba ta matsayi a ƙasan waɗanda suka kai ƙarshe, shekarar ta shiga lissafi.

Yawan shiga ma yana ruɗarwa. Luksambak ta ci sau 5, ta janye bayan 1993, sai 2024 ta dawo. Ostireliya a 2015 ta fara. A raba nasara da yawan shekarun da aka shiga, a kuma sa mafi ƙarancin shekaru, ko da goma ne, kafin ƙasa ta hau jadawali.

Ƙananan abubuwa biyu: a 1969 ƙasashe huɗu ne suka yi nasara tare, Birtaniya da Sifaniya da Holan da Faransa, kowacce a ba ta cikakken kofinta, a 2020 kuma ba a yi gasar ba saboda annobar korona. Nasarar Yugoslabiya ta 1989 kuwa a bar mata abarta a layinta, kada a ɗora wa Sabiya, wadda ta ci nata kofin da sunanta a 2007.