Shawara ga masu haɗa jiniyar gobara da fitila mai walƙiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin wayarin. Kafin ka taɓa akwatin ƙararrawar gobara, kashe wutar lantarki, ka cire batir ɗinsa ma. Yawancin jiniyoyin nan da 24V suke aiki, kuma idan ka juya waya ja da baƙa, ba za su yi ƙara ba.

Inda aka fi sakaci shi ne fitilar. Don kurame da masu aiki cikin hayaniyar inji aka yi ta, to kada a ɓoye ta bayan labule ko kabad. Ƙa'idar ƙararrawar gobara ta Amurka, wato NFPA 72, ta ce a kafa ta tsakanin mita 2 zuwa 2.4 daga ƙasa. Idan fitilu sun wuce biyu a wuri ɗaya, a daidaita su su riƙa walƙiya tare, domin walƙiya barkatai na iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa. Wannan ba abin wasa ba ne.

A ɗakin kwana, dole ƙarar jiniyar ta kai desibel 75 (ma'aunin ƙarfin sauti) a kan matashi. Ni dai ina gwadawa da janareta a kunne, ƙofofi a rufe, bayan na sanar da mutanen gidan.