Yadda ake ɗaukar hoton sama a ruwan filin gishirin Uyuni

Filin gishirin Uyuni da ke Bolibiya ya haura murabba'in kilomita 10,000, kuma damina ce ke mayar da shi madubi, musamman daga Janairu zuwa Maris. Ruwa kaɗan ake nema, wanda bai wuce santimita biyu zuwa biyar ba. In ya fi haka, iska 'yar kaɗan ma sai ta tayar da shi, hoton gajimare ya wargaje.

Ka isa wurin kafin fitowar rana, lokacin da iska ke kwance. Sa takalmin roba. Kafa kyamara a kan mariƙinta mai ƙafa uku, ka sauke ta ƙasa-ƙasa, kamar tsayin gwiwa, don kwanciyar kallo ce ke ƙara ƙarfin madubin. Daga nan ka tsaya cik na minti ɗaya ko biyu. Takunka kaɗai na aika zobban ruwa har cikin hoton.

Saita ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, faɗin ƙofar shigar haske kuma f/8 zuwa f/11. Farin gishiri na ruɗar ma'aunin haske, hoto ya fito toka-toka, don haka ƙara haske da mataki ɗaya. Saita kaifin hoto da hannu a kan mota ko mutum, domin kyamara ba ta samun abin kamawa a fili fetal. Gilashin nan mai kashe ƙyalli da ake ɗaurawa a gaban kyamara kuwa cire shi, abin da ka zo nema yake gogewa.

Kada ka canza lens, wato idon kyamara, da jiƙaƙƙen hannu. Da yamma kwance ƙafafun mariƙin, ka wanke su da ruwan daɗi, in ba haka ba gishiri ya daskare a gaɓoɓinsu su ƙi motsi.