George Town a Tsibirin Penang: Abin da Sabon Zuwa Zai Gani da Yadda Zai Bi Garin

Da yawa daga cikin Hausawan da suke sauka a tsibirin Penang na ƙasar Maleshiya karatu ne yake kawo su, musamman a jami'ar kimiyya ta USM da aka kafa a 1969, wadda babbar harabarta take a unguwar Gelugor. Abin da na sha gani shi ne mutum ya kama ɗaki a Sungai Dua ko Bukit Jambul, ya shafe shekara uku ko huɗu yana kai da komo tsakanin ɗakinsa da ofishin malaminsa da Masallacin Al-Malik Khalid na cikin jami'a, sannan ya tattara ya koma gida bai san tsohon garin George Town ba, alhali mutane daga Turai da Ostareliya kuɗin jirgi suke biya domin su kwana uku a cikinsa. Tsakanin jami'ar da tsakiyar garin bai wuce tafiyar rabin awa zuwa minti arba'in a bas ba. Shawarata ga sabon zuwa ita ce ya ware safiyar Asabar ɗaya a cikin watansa na farko, kafin karatu ya yi masa nauyi, ya taka garin da ƙafarsa.

Sunan tsibirin da harshen Malay shi ne Pulau Pinang, kuma pinang wani ɗan itace ne da dattawan yankin suke taunawa, suna ba baƙo a wurin biki da neman aure, kusan matsayin da goro yake da shi a wurinmu. Turawan Ingila sun karɓi tsibirin daga hannun Sarkin Kedah a 1786 ta hannun Kyaftin Francis Light, suka mai da shi tashar jiragen ruwa ta fatauci, wannan ne ya jawo Sinawa da Indiyawa da Larabawa da mutanen Aceh ta tsibirin Sumatra suka zo suka zauna, kowace ƙabila da layinta da wurin ibadarta. A 2008 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin, tare da garin Melaka, cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shi ya sa ranar 7 ga Yuli ta kowace shekara take ranar hutu a jihar Penang.

Abu na farko da ya kamata a daidaita shi ne lokacin fita. Zafin Penang ba irin na Kano ko Damagaram ba ne, domin zafi ne mai laima wanda yake jiƙa riga cikin minti goma, saboda haka ko dai a fita da sassafe a gama yawo kafin Azahar, ko kuma a bari sai bayan La'asar. Agogon ƙasar yana gaban na Nijeriya da Nijar da awa bakwai, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe bakwai, Azahar tana shiga bayan ɗaya, Magariba kuma takan kai bakwai ko ta wuce. A riƙe lema a jaka ko da gari ya waye tas, musamman daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ruwa yake sauka kamar da bakin ƙwarya. Bas ɗin Rapid Penang yana ajiye mutum a Komtar, dogon benen da ake hangowa daga kusan ko'ina a garin, wanda kuma shi ne alamar da ɓataccen baƙo zai nufa ya gane hanya.

Ni a ganina wurin farawa shi ne titin Masjid Kapitan Keling. Masallacin da aka sanya wa titin sunansa Musulmin kudancin Indiya ne suka kafa shi a 1801, farin gini ne mai manyan ƙubbobi da fili mai ciyawa, kuma har yau cike yake da masallata. A kan wannan titin da bai kai kilomita ɗaya ba mutum zai wuce cocin St George da aka gina a 1818, ya wuce ɗakin bautar Sinawa inda hayaƙin turaren tsinke yake tashi tun safe, ya hangi ɗakin bautar 'yan Hindu mai gumaka masu launi a saman ƙofarsa. Wanda ya taso a garin da ba a saba ganin haka ba zai ji abin bambaraƙwai, amma babu mai tilasta masa shiga ko'ina. Abin da ake bukata a wurinsa kawai shi ne kada ya yi nuni yana dariya, kada ya taka ɗan farantin furanni ko lemo da zai gani an ajiye a bakin hanya, kuma kada ya ɗauki mai ibada hoto ba tare da izini ba.

'Yar tafiya kaɗan daga nan akwai masallacin Lebuh Acheh, kuma shi ne wurin da na fi son Bahaushe ya zauna ya daɗe. Wani attajiri daga Aceh, Tengku Syed Hussain Al-Aidid, shi ya gina shi a 1808, kabarinsa yana cikin harabar, hasumiyar masallacin kuma mai kusurwa takwas ce. A zamanin da ake zuwa Hajji ta teku, a wannan unguwa maniyyata daga arewacin Maleshiya da Sumatra da kudancin Tailan suke taruwa, su kama masauki a gidajen dillalan aikin Hajji, su sayi guzuri da littattafan addini, su jira jirgin ruwan da zai kai su Jidda, har aka riƙa kiran wurin Jidda ta biyu. Duk wanda ya taɓa jin labarin kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙafa da kan jakuna suna neman bakin Bahar Maliya, idan ya zauna a inuwar wannan masallaci zai gane cewa daga gabas ma an sha irin wannan wahala domin isa ɗaki ɗaya.

Tun da ana maganar masallaci, ya dace a san cewa mutanen ƙasar Shafi'awa ne. Asubata ta farko a garin na tashi daga ruku'u a raka'a ta biyu na nufi sujada, sai na ji liman ya ɗaga murya da alƙunutu, sahu gaba ɗaya an ɗaga hannu ana amin, ni kaɗai na rage a sunkuye. Limamansu suna bayyana bisimilla a Fatiha, ana yin zikiri da addu'a tare bayan sallama, huɗubar Juma'a kuma da harshen Malay ake yin ta. Duk inda aka ga an rubuta surau, ƙaramin wurin salla ne, kuma ana samunsa a manyan kantuna da gidajen mai da tashoshi, na maza daban na mata daban. Harshen ma ba zai yi wa kunnen Bahaushe nisa sosai ba: ranakun mako Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu da Ahad ne, gaisuwa kuma apa khabar, wato ina labari.

Bayan masallatan sai a shiga titin Armenian, inda zanen bango na yara biyu a kan keke yake, wanda wani mai zane ɗan ƙasar Lituwaniya, Ernest Zacharevic, ya yi a 2012 ya kuma jingina keke na gaske a jikin bangon. Layin masu ɗaukar hoto yakan yi tsawo, kuma ban ga dalilin ɓata fiye da minti biyar a wurin ba. Abin da ya fi zanen cancantar kallo shi ne gidajen kansu: shago a ƙasa, wurin kwana a sama, da rumfa mai faɗin ƙafa biyar a gaban kowane gida wadda take haɗe da ta maƙwabci, ta yadda mai tafiya zai bi layi guda rana ba ta taɓa shi ba, ruwa bai jiƙa shi ba. Daga nan ana gangarawa bakin ruwa a Weld Quay, inda zuri'o'in Sinawa masu dakon kaya a tashar jirgi suka kafa gidajen katako a kan turaku cikin teku, kowace zuri'a da gadarta. Ta zuri'ar Chew ce ta fi shahara, kuma a tuna cewa gidajen mutane ne da suke kwana a ciki, ba a leƙa ƙofa. A arewa da nan akwai ganuwar Cornwallis da tsohuwar igwarta ta tagulla mai suna Seri Rambai, da hasumiyar agogo mai tsawon ƙafa 60, ƙafa ɗaya ga kowace shekara ta mulkin Sarauniya Biktoriya zuwa 1897. Filin Padang Kota Lama da ke gefen ganuwar ya fi daɗi da yamma, lokacin da iyalai suke fitowa shan iska.

Abinci shi ne abin da Penang ta fi tinƙaho da shi, kuma a nan ne Musulmi yake bukatar buɗe ido, domin Sinawa suna da yawa a garin, kuma da dama daga abincin da ake yabawa, kamar soyayyar taliyar char kway teow, da kitsen alade ake soya su a rumfunan Sinawa. A nemi tambarin halal na hukuma a jikin bango ko ƙofa, ko kuma a ci a wurin Malay ko Indiyawa Musulmi, waɗanda ake kira mamak. Rubutun da ke cewa babu alade babu kitsensa ba shaidar halal ba ce, domin bai ce komai ba game da yanka ko giyar girki. Abincin da zai fi karɓar Bahaushe shi ne nasi kandar. Mutum yakan tsaya gaban akwatin gilashi, a ɗora masa shinkafa a faranti, ya nuna soyayyar kaza ko naman rago ko kifi, a ƙara masa kuɓewa da dafaffen ƙwai, sannan mai zubawa ya bi tukwane uku ko huɗu da ludayi yana ɗiban miyar kowacce yana kwararawa a kan shinkafar. Idan aka ce masa banjir, wato ambaliya, sai ya zuba har shinkafar ta nutse. Da hannu ake ci, kuma akwai wurin wanke hannu a kowane shago. Gidan abincin Hameediyah da ke titin Campbell yana wannan sana'a tun 1907. Farashi yana bin abin da aka nuna ne, saboda haka a tambayi kuɗin jatan lande da kan kifi kafin a ce a ɗora. Da safe a nemi roti canai, wata irin gurasa mai laushi, da shayin madara na teh tarik, a kuma koyi cewa kurang manis, wato a rage zaƙi, domin hannunsu yana da nauyi a sukari. Mai girki da kansa zai sami citta da kanumfari da barkono da wake a unguwar Indiyawa, kifi da kayan miya kuma a kasuwar Chowrasta da sassafe.

Idan aka gama da cikin gari, sai a ware wata ranar domin dutsen Bukit Bendera, wanda ƙololuwarsa ta haura mita 800. Bas mai lamba 204 yana kai mutum gindinsa, daga nan a shiga ƙaramin jirgin ƙasa da ake ja da igiyar ƙarfe, wanda aka fara aiki da shi a 1923. Kuɗin tikitin baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, layi kuma yakan yi tsawo a ranakun hutu, don haka tsakiyar mako ta fi. A sama akwai sanyi mai daɗi da ƙaramin masallaci, kuma daga can ana ganin garin gaba ɗaya da gadar Penang mai tsawon kilomita 13.5 da aka buɗe a 1985. Lambun itatuwa na gwamnati da ke gindin dutsen ta ɗaya gefen, wanda aka kafa a 1884, ya dace da masu iyali, sai dai birai sun yi yawa kuma ba su da kunya. A gabana wani ya fizge ledar burodi daga hannun yarinya ya haye bishiya yana ci yana kallonmu. A ɓoye abinci a cikin jaka, kuma kada a ba su komai.

Mai son bakin teku ya hau bas mai lamba 101, wanda yake bin gaɓar arewa. A hanya zai ga masallacin Tanjung Bungah da aka gina a kan turaku, wanda idan ruwa ya cika sai ya zama kamar yana shawagi. Batu Ferringhi ita ce gaɓar da masu yawon buɗe ido suka fi cika, da kasuwar dare da ake yin ciniki kamar a Kantin Kwari, amma ruwanta ba shi da haske sosai, kuma akwai wata halitta mai kama da farar leda da take harbin masu wanka. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya a kan yashi. Ƙarshen layin bas ɗin shi ne Teluk Bahang, ƙofar gandun dajin ƙasa, inda ake rubuta suna a shiga a ƙafa ko a ɗauki kwale-kwale zuwa gaɓar Kerachut da kunkurun teku suke zuwa yin ƙwai. A shafa maganin sauro ko da rana tsaka ce, domin sauron da yake kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo. A duk waɗannan fitowa a riƙe katin shaidar ɗalibi ko takardar izinin zama, saboda jami'an tsaro suna iya tambaya, kuma kada a karɓi saƙon kowa a riƙe masa ba a san abin da ke ciki ba, domin hukuncin ƙwaya a ƙasar yana iya kaiwa ga kisa.

Fita mafi arha a garin ita ce ta jirgin fito da yake tsallakawa zuwa Butterworth a ɓangaren tudu. Tafiyar ba ta wuce kwata ɗin awa ba, kuɗinta kuma kaɗan ne. A tsallaka bayan La'asar, a sha shayi a can, a shiga jirgin dawowa gab da Magariba a zauna ta gefen da yake fuskantar tsibirin, lokacin da rana take faɗawa bayan Bukit Bendera, fitilun Komtar da na tashar jiragen ruwa suna kunnuwa. Daga inda jirgin yake ajiye fasinja zuwa masallacin Kapitan Keling tafiyar kamar minti goma ce a ƙafa, mai sauri yana iya samun jam'i.